Tsohon akwatin wuta: a mayar da shi ƙarami ko a cire shi?

Gidan da ya sa na zauna rubuta wannan bayani gidan gado ne a cikin birnin Kano, ginin siminti tun zamanin NEPA. Akwatin wutarsa yana zaure na biyu, a kafe jikin wani katako da ya yi baƙi, da fis shida na tangaran a jere. Lokacin da aka kafa shi, ɗaki huɗu da falo aka yi wa lissafi: ƙwan fitila, fanka, rediyo, dutsen guga, sai firij ɗaya. Yanzu an ɗora bene a baya saboda ƙanen mai gidan zai yi aure, an haƙa rijiyar burtsatse, an sayo esi biyu, ana kuma shirin sa sola.

Babban wan ya ce mini, "Malam, ni dai a kafa sabon akwati babba kusa da mita, wannan tsohon a bar shi ya ci gaba da riƙe sashen Hajiya. Me zai sa a fasa bango?" Ƙanensa ya ce, "Yaya, a cire shi kawai a huta." Ita kuwa Hajiya, roƙonta ɗaya ne, kada a cika mata ɗaki da ƙura. Kowa da gaskiyarsa. Gidaje da yawa suna kan wannan gaɓa a yanzu, shi ya sa nake so in baje zancen yadda mai gida zai iya zaɓa da idonsa a buɗe.

Mayar da tsohon akwati ƙarami yana nufin wuta ta daina shigo masa kai tsaye daga mita. Sai ta fara shiga sabon babban akwati, daga can bireka guda ta sako masa rabonsa ta waya mai kauri, shi kuma ya ci gaba da raba wa ɗakunan da yake rabawa tun da can. Ya tashi daga matsayin uba ya koma ɗa. Ɗaya hanyar ita ce a cire shi, a janyo duk wayoyin ɗakunan zuwa sabon akwati guda. Akwai ta uku da mutane ba su cika tunawa da ita ba: a bar wurin, a canza akwatin. Wato a cire tsohon, a sa sabon ƙarami a daidai gurbinsa, wayoyin ɗakuna su zauna inda suke.

Abin da ke jan mutane zuwa barin tsohon shi ne kuɗi, kuma ba laifi ba ne. Sai dai a san inda kuɗin yake. Akwatin kansa ba shi ne mai tsada ba. Waya ce mai tsada, da fasa bango, da bututu, da filasta, da fenti. Wayoyin tsohon gida duk a wuri ɗaya suke ƙarewa, an yanke su daidai tsawon da zai kai su tsohon akwati. In aka ce sai sun je sabon wuri mai nisan mita goma sha biyar, ko dai a sake jan kowacce tun daga farko, ko a yi mata ƙari. Layi shida, kowane da waya uku, ƙari goma sha takwas ke nan. Kowane ƙari kuwa wuri ne da zai iya sassautawa ya ɗau zafi, musamman in murɗawa aka yi aka naɗe da salatif aka jefa cikin silin. Ta wannan fuska, ƙaramin akwati ya fi: waya ɗaya mai kauri za a ja, ba goma sha takwas ba. Ga kuma sauƙi ga mutanen sashen. In wuta ta faɗi da dare, Hajiya ba sai ta aika yaro ƙofar gida da tocila ba.

To amma wannan ribar ta wurin ce, ba ta akwatin ba. A nan ne nake rabuwa da masu cewa a bar tsohon yadda yake.

Na zare fis ɗaya daga na gidan nan na nuna wa babban wan. A jikin tangaran ɗin akwai ɗigon shuɗi, alamar amfiya 15. Irin waɗannan fis ɗin na tsarin Ingila launi ne ke faɗin ƙarfinsu: fari 5, shuɗi 15, rawaya 20, ja 30, kore 45. Da na juya cikinsa, ba siririyar wayar fis ba ce, silin jan ƙarfe huɗu ne aka ciro daga wata waya aka murɗe su tare. Wani ya gaji da fis ɗin yana tsinkewa, ya yi masa gyaran gangar Auzinawa. Tangaran ɗin ya yi ruwan ƙasa saboda zafi, robar wayar da ke shiga bayansa ta bushe, ina taɓa ta ta ruguje kamar ɓawon gyaɗa. A kusurwar akwatin zanzaro ya yi ɗaki, gara kuma ta fara cin katakon ta baya. Ko da wayar da ta dace aka sa, irin wannan fis sai wuta ta kai kusan ninki biyu na lambarsa kafin ya tsinke. Da sili huɗu kuwa, wayar cikin bango ce za ta zama fis, ita za ta fara narkewa. Akwati irin wannan ba na yarda in mayar da shi ƙarami, ko da mai gida ya ce ya ɗau alhakin. Wasu daga cikinsu ma akwai ƙyallen asbesto a ƙarƙashin fis ɗin, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, don haka ba a kankare shi ba a hura shi.

Ba duk tsohon akwati ne haka ba. Akwai na ƙarfe masu bireka da aka kafa shekara ashirin ko talatin da suka wuce, da yawansu garau suke. Irin wannan ana iya barinsa, in ya cika wasu sharuɗɗa. Murfinsa yana rufuwa, babu ramin da yatsan yaro ko tsaka za su shiga. Sandar jan ƙarfen da birekoki ke zama a kai ba ta yi baƙi ba, ba ta yi tsatsa ba. Ana samun birekar da ta dace da shi a kasuwa, ba sai an lanƙwasa ƙarfe an tura ta da ƙarfi ba. Akwai gurbin ƙara na'urar kare rai, wadda ke yanke wuta in ta fara zuba inda bai kamata ba. Sannan sharaɗin da ya fi duka: sandar nutiral, wato wayar da wuta ke bi ta koma, daban, sandar wayar ƙasa daban, babu abin da ya haɗa su.

Inda gizo ke saƙa

Matasa masu koyon sana'a yanzu suna kallon bidiyon masu gyaran wuta na Amurka, suna jin ana cewa a babban akwati ana haɗa nutiral da wayar ƙasa, a ƙarami kuma a kwance koriyar ƙusar da ta haɗa su a raba su, a ja waya huɗu. Gaskiya ne a can, inda wutar gida take bolt 120 da 240 kuma tsarin haɗin nasu daban. Rabin darasin ya shafe mu, wato a ƙaramin akwati ba a haɗa su. Ɗaya rabin kada a kwafa ido rufe. Mu wutarmu 230 ce a layi ɗaya, 400 tsakanin layi da layi, kuma a yawancin gidajenmu kamfani waya biyu yake kawowa, ko huɗu in layi uku ne. Ba ya kawo wayar ƙasa. Wayar ƙasarka ita ce sandar da aka binne a tsakar gidanka.

Dalilin raba su a bayyane yake. Nutiral hanya ce da wuta ke bi kullum tana komawa. Wayar ƙasa kuwa hanyar gaggawa ce, bai kamata komai ya bi ta ba sai ranar da wani abu ya lalace, kuma ita ce ke manne da jikin firij da hita da injin ruwa. In aka haɗa su a ƙaramin akwati, wutar da ke komawa za ta rabu biyu, wani kaso ya bi wayar ƙasa. In kuma nutiral ta tsinke a sama, abin da ba baƙo ba ne a layukanmu, jikin duk wani ƙarfe da ke gidan zai iya ɗaukar wuta. Wannan shi ne famfon banɗaki da ke jan mutum in ƙafarsa na jiƙe. A tsofaffin gidaje na sha tarar da an ɗauko 'yar waya daga nutiral an maƙala a ramin wayar ƙasa na soket, don abin gwaji ya nuna lafiya. Duk wanda zai bar tsohon wayarin sai ya buɗe soket ɗaya bayan ɗaya ya duba wannan.

Ga wani lissafi da nake so kowane mai gida ya riƙe. A ce sandar ƙasarka, da aka auna, ta nuna om 100 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wa wuta hanya), abin da ba mamaki ba ne a busasshiyar ƙasa lokacin hunturu. Wayar wuta ta goge ta taɓa jikin firij. Raba 230 da 100, ka samu amfiya 2.3 ke gudu zuwa ƙasa. Birekar da ke kan layin amfiya 20 ce. Ba za ta faɗi ba, yau ko gobe, domin a wurinta kamar an kunna fanka da talabijin ne. Firij zai zauna da wuta a jikinsa yana jiran hannu. Abin da ke ganin wannan shi ne na'urar kare rai, wadda ake rubuta wa RCD ko RCCB a jiki, masu sana'a kuma har yanzu da yawa ELCB suke ce mata. Ita auna abin da ya fita da abin da ya dawo take yi, da ta ga giɓin miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin dubu na amfiya ɗaya, sai ta yanke cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Fis na tangaran ba ya wannan aiki, bireka ma ba ta yi. Saboda haka kowace hanya aka zaɓa, ba a tsallake ta.

Sai dai a nan hanyoyin suna bambanta sosai. In aka tara gidan duka a akwati ɗaya ƙarƙashin RCD guda mai 30, tsohon wayarin da ke zubar da wuta kaɗan-kaɗan, musamman da damina in bango ya jiƙe, zai riƙa kashe gidan gaba ɗaya, har da sabon benen da ba shi da laifi. Kwana uku ana haka, sai a kira wani ya tsallake na'urar, an yi gudun gara an faɗa zago. In kuwa tsohon sashe yana da akwatinsa da RCD ɗinsa mai 30, sabon sashe da nasa, sannan a babban akwati aka sa mai 100 ko 300 mai ɗan jinkiri, wadda ke da alamar S a jiki, to matsala tana tsayawa inda ta tashi. Wannan a ganina ita ce babbar hujjar ƙaramin akwati, ta fi hujjar kuɗi nauyi. Mai hali zai iya sa wa kowane layi birekar da ke haɗe da kare rai a jiki ɗaya, RCBO, ita ce mafi kyau amma ta fi tsada.

Kafin a yanke hukuncin barin tsofaffin wayoyi, a gwada su da mega. Na'ura ce da ke tura bolt 500 cikin waya bayan an kashe wuta an cire kaya, ta nuna ko robar na riƙewa. Abin da ya gaza megom 1, wato om miliyan ɗaya, ya faɗi. In layuka da yawa sun faɗi, zancen ƙaramin akwati ya ƙare, sabon wayarin gidan ke buƙata, kuma a lokacin tara komai wuri ɗaya ko raba shi ya zama zaɓin tsari kawai. Haka nan in tsohon wayarin ba shi da wayar ƙasa sam, kamar yadda ake samu a layukan fitila na da.

Wayar da za ta ciyar da ƙaramin akwati ita ce inda ake yawan yin rowa. Birekar da ke sako ta ita ke kare ta, don haka ba a sa bireka mai ƙarfi a kan waya siririya. Abu biyu ake dubawa, zafi da nisa. Teburin ƙarfin waya an yi shi ne a kan zafin digiri 30. A digiri 40 waya mai robar PVC tana ɗaukar kashi 87 cikin ɗari na abin da aka rubuta, a digiri 50 kashi 71. Duk wanda ya taɓa shiga silin ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu ya san wane lissafi ne namu. Nisa kuma yana cin wuta. A ce amfiya 40 za a kai nisan mita 30. Waya mai milimita 6 za ta zubar da kusan bolt 8.8 a hanya, mai milimita 10 kusan 5.3. Ƙa'idar Ingila, wadda aikinmu ya gada, ta ba layin fitila kashi 3 cikin ɗari ne kacal, wato bolt 6.9, tun daga mashiga har ƙwan ƙarshe. Ka ga mai 6 ta cinye rabon duka tun ba a shiga ɗaki ba, alhali wutar da ake kawo mana sau da yawa a raunane take zuwa. Don haka a irin wannan nisa 10 nake sa wa, in kaya sun fi haka 16. Kuma waya uku ake ja, mai wuta da nutiral da ta ƙasa, in layi uku ne biyar. A kasuwa a kankare bakin wayar da wuƙa. In jan ya tafi fari ya bayyana, alminiyam ce aka yi wa rufi, a ajiye ta.

Wani tarko da ke jiran duk wanda zai haɗa tsoho da sabo shi ne launi. A tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa nutiral, layi uku kuma ja da rawaya da shuɗiya. A sabon tsari, wanda Ingila ta koma tsakanin 2004 da 2006, ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya nutiral, layi uku kuma ruwan ƙasa da baƙa da ruwan toka. Wato baƙar da ta kasance nutiral yanzu tana iya zama mai wuta, shuɗiyar da ta kasance mai wuta yanzu nutiral ce. Kasuwanninmu duka biyun suna nan. Wanda ya haɗa shuɗiya da shuɗiya don launi ya zo ɗaya, a gidan layi uku, zai iya aika bolt 400 cikin talabijin. Ba a yarda da launi, aunawa ake yi, sannan a sa alama a bakin kowace waya.

Sola ta ƙara wa ƙaramin akwati daraja. Inbata ba ta ɗaukar gida duka, sai an ware mata kaya marasa nauyi: fitilu, fankoki, talabijin, firij. Hita mai wat 2000 ita kaɗai tana jan kusan amfiya 9, ba a son ta a kan batir. To tsohon sashe dama fitila da fanka ne yawancinsa, sai ya zama akwatin inbata ba tare da wahala ba, a ɗauke masa layin guga da na hita a mayar babban akwati. Sharaɗi shi ne nutiral ɗin layukan inbata ta rabu da ta sauran tsaf. Masu wayarin na da suna aron nutiral daga layi zuwa layi, fitilar baranda ta ɗauki wuta a nan ta mayar a can. In ba a gano waɗannan an raba ba, RCD ba za ta zauna ba. Makunnin sauya layi kuma, tsakanin wutar kamfani da inji ko inbata, dole ya yanke mai wuta da nutiral tare, don kada wutar gidanka ta koma kan layi ta sami ma'aikacin da ke bisa falwaya yana zaton an ɗauke.

Yaushe ne cirewa gaba ɗaya ta fi? In gidan ƙarami ne kuma sabon akwatin zai zauna kusa da tsohon, taku biyu ko uku, babu dalilin akwati biyu. In tsohon yana wurin da bai kamata ba, jikin bangon banɗaki, ko saman murhu, ko bayan durowar da sai an ture kaya kafin a kai gare shi, a tashe shi. In dama za a fasa gidan a yi masa kwaskwarima, a yi wayarin sabo a wuce wurin. Akwati ɗaya yana da daɗinsa: wuri ɗaya ake zuwa a kashe komai, kuma mai gyara na gaba ba zai yi ta laluben inda wuta ta fito ba. A gidan haya kuwa ko gidan gado mai sassa da yawa, akwati ga kowane sashe ya fi zaman lafiya, har ana iya sa wa kowa ƙaramar mitarsa a daina musu a kan kati.

Mita da fis ɗin kamfani da ke gabanta ba na mai gida ba ne. Matsar da su ko cire hatiminsu aikin kamfanin rarraba wuta ne, KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa, Kaduna Electric a Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, NIGELEC ga 'yan'uwanmu na Nijar. A je ofis a nema, ko da zai ɗau kwanaki. Mai aikin kuma a tambaye shi takardar shaidarsa ta NEMSA, hukumar da doka ta kafa a 2015 don duba ingancin aikin lantarki. A tambaye shi ko yana da mega da na'urar auna sandar ƙasa. Wanda abin gwajinsa sukudireba mai ƙwai ce kaɗai, ba na wannan aikin ba ne. Zancen gishiri da gawayi da ake zubawa a ramin sanda, yana saukar da awo na ɗan lokaci, amma gishirin na cin ƙarfen. Gara a ƙara tsawon sanda ko a kafa ta biyu nesa da ta farko a haɗa su, a yi wa ramin murfi yadda za a iya buɗewa a duba.

A gidan nan hanya ta uku muka bi. Babban akwati ya zauna kusa da mita, bene da esi da injin ruwa suna kansa. Na tangaran ya sauka tare da katakonsa, sabon ƙarami mai gurbi takwas ya hau daidai inda yake, bireka mai amfiya 40 da waya mai milimita 10 suna ciyar da shi. Bango ɗaya kawai aka taɓa, shi ma a zaure. Layin kicin ya faɗi gwajin mega, muka ja masa sabuwar waya a bututu ta saman bango, sauran biyar suka tsira. A cikin murfin na rubuta sunan kowane layi da Hausa: ɗakin Hajiya, falo, kicin, tsakar gida. Na nuna mata ɗan maɓallin gwaji mai harafin T, na ce, "Hajiya, wannan a riƙa danna shi lokaci-lokaci, kada ya wuce wata shida. In an danna wuta ba ta ɗauke ba, a kira ni a ranar." Ta sa yatsa ta danna, fankar zaure ta tsaya, ta ɗaga birekar da kanta ta dawo. Layin fitilun tsakar gida har yanzu ba shi da wayar ƙasa, don haka na cire masu gidan ƙarfe na sa na roba, mun kuma yi da babban wan cewa bayan biki za a sake jansa.